Daga Wasa zuwa Alkawari

Abu kamar wasa, in ji masu iya magana, ƙaramar magana ta zama babba. Da wuya a sami wanda wannan zance ya dace da shi kamar Armin Ronacher, wani saurayi mutumin ƙasar Ostiriya, wanda ya ƙware a harshen kwamfuta da ake kira Python. Ran 1 ga watan Afrilu na shekarar 2010, wato ranar da Turawa suka keɓe don zolayar juna, ya fitar da wata 'yar manhaja mai suna Denied. Ba kome ya yi ba illa ya haɗa wasu kayan aiki biyu da ya riga ya ƙera, Werkzeug da Jinja, ya cusa su cikin fayil guda, don ya yi wa masu yayin ƙananan manhajoji ba'a. Ga mamakinsa, sai jama'a suka ɗauki abin da gaske. Da ya ga haka, sai ya zauna ya yi aikin sosai, kafin watan ya ƙare ya fito da Flask.

Ya kyautu a ɗan tsaya a bayyana amfanin irin wannan kayan aiki. Manhajar da ke cikin wayar mutum ba ita ke riƙe da dukan bayanan da take nunawa ba. Aikawa take yi ta intanet ta tambayo wata kwamfuta mai nisa. Ƙofar da ake bi a miƙa tambaya a karɓo amsa ita ce ake taƙaita sunanta da API. Ta yi kama da tagar ofishin gidan waya: an san inda za a tsaya, an san takardar da za a miƙa, an kuma san abin da za a karɓa. Flask na cikin kayan da ake gina irin wannan taga da su. Kuma buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa na iya karanta rubutun cikinta, ya yi aiki da ita, ya gyara ta, ba tare da ya biya ko anini ba.

To, a nan ne nauyi ya hau kan Ronacher. Masu manhaja suna da al'adar liƙa wa aikinsu lamba, kuma lambar tana da ma'ana. A tsarin da Tom Preston-Werner ya rubuta, duk lambar da ta fara da sifiri tana nufin gini bai kammala ba, kome na iya canzawa a kowane lokaci. Amma da zarar an rubuta 1.0, to, an yi wa jama'a alkawari ke nan cewa ba za su wayi gari su tarar an toshe tagar da suka saba zuwa ba. Alkawari kuwa kaya ne. Shekara ta bi shekara, mutane da kamfanoni suna ta ɗora harkokinsu a kan Flask, amma lambarta tana nan da sifirinta a gaba.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa kasala ce ko tsoro. Wanda ya duba gyare-gyaren da aka yi a tsakani zai ga akasin haka. Ga misali guda. Amsoshin da API ke bayarwa galibi ana tsara su ne da wani salon rubutu mai suna JSON. Shekaru da dama Flask ta ƙi yarda a aika jerin abubuwa tsagwaronsa a matsayin amsa, domin tsofaffin manhajojin leƙa intanet suna da wata ɓaraka da ɓarawon bayani zai iya bi ta cikinta. Sai a fitowa ta 0.11, cikin watan Mayu na 2016, bayan waɗancan manhajoji sun kau, aka ɗage wannan hani. Wannan ba jinkirin malalaci ba ne, taka-tsantsan ne na wanda ya san cewa dukiyar wasu tana rataye a wuyansa.

A wannan shekara ta 2016 ne kuma Ronacher ya yi abin da ya fi kowane gyara wuya ga mai ƙirƙira. Ya mayar da Flask da 'yan'uwanta ƙarƙashin wata ƙungiya ta masu sa kai mai suna Pallets, ta yadda ragamar ba za ta zauna a hannun mutum ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma alkawarin da ya dogara ga lafiya da sukunin mutum guda bai cika alkawari ba.

Ran 26 ga Afrilu, 2018, shekara takwas bayan waccan zolaya, aka fitar da Flask 1.0. Wanda ya sanar da duniya ba Ronacher ba ne, David Lord ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi aikin. Abin lura shi ne, babu wani abin ƙawa a cikin jerin gyare-gyaren. An daina tallafa wa Python 2.6 da 3.3, don a sauke tsohon kaya. An sa sabar gwaji ta riƙa amsa buƙatu da yawa a lokaci guda. An sauƙaƙa wa mai gina API hanyar jarraba aikinsa, ta yadda zai aika JSON ya karanta amsa ba wahala. An toshe wata kafa da mugu zai iya bi ya aiko da saƙo mai baƙon tsarin haruffa, ya cinye ma'ajiyar kwamfuta. An kuma sake rubuta darasin koyo tun daga farko, saboda baƙon da zai shigo gobe. Duka dai aikin shara ne da yaɓe da gyaran ƙyaure, irin wanda ba a yi wa tafi.

Alkawarin bai hana ci gaba ba. A 2021 an fitar da 2.0, aka rabu da Python 2 baki ɗaya, sannan 3.0 ta biyo baya a 2023. Bambancin shi ne, canji ya zama mai sallama: a yi gargaɗi tukuna, a ba mutane lokacin shiri, sa'an nan a cire abin da ya tsufa.

Akwai abin tunani a nan ga duk mai sana'ar harshe. Wanda ya taɓa ganin yadda ake daidaita ƙa'idojin rubutu ko tsara ƙamus ya san cewa ƙirƙirar kalma abu ne mai sauƙi, tsayar da ita yadda dubban mutane za su dogara gare ta shi ne jan aiki. Ronacher ya fara da raha, amma darajar aikinsa ta fito ne daga haƙurin da ya yi bai gaggauta cewa an gama ba, da kuma yardar da ya yi wasu su ƙarasa abin da ya soma. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.