Sabon Inji Sai Da Horo

Jama'a, duk wanda ya tashi a gidan da a ke kiwon dawaki ya san ba a ɗaura wa dukushi sirdi yau, gobe a yi sukuwa da shi. Sai an fara da ragama, a ja shi da hannu, a saba masa da linzami, sa'an nan a hau. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, ƙarfe ma yana bukatar irin wannan horo. Don haka na ga ya kamata in ba ku labarin yadda muka hori injin 'yar motar nan ta ƙungiyarmu ta kimiyya, ko ya amfani waɗanda za su gaje ta bayan mun fita.

Motar dai ƙirar Amurka ce, ta kamfanin Traxxas na jihar Texas, sunanta T-Maxx, kuma tun 1999 aka fara fito da irinta. Tsawonta bai fi kamu guda da ɗan ɗori ba, ba ta da direba a ciki. Mutum ya kan tsaya daga nesa da wani ɗan akwatin rediyo a hannu, mai sitiyari a gefe da kunama irin ta bindiga. In ya ja kunamar ya ba da wuta ke nan, in ya tura ta gaba ya taka birki. Injin kuwa sai ka rufe shi da tafin hannunka, cikinsa cc 3.3 kacal, amma ya kan juya fiye da sau 30,000 a minti guda.

Ba ya shan fetur. Mansa haɗi ne na abu uku: metanol, da naitiro wanda ya ba injin sunansa, da man da ke sa sassa su yi santsi, wanda a kan sa man zurma a cikinsa, watau cika-gidan nan da ke tsirowa a bayan gari. Namu man, kashi 20 cikin 100 naitiro ne. Babu wani wurin zuba baƙin mai dabam kamar na babbar mota. Ku riƙe wannan da kyau: in aka rage wa injin mai, an rage masa abin da ke hana shi cin kansa. Fuloginsa ma ba ya tartsatsi. Wata 'yar waya ce a nannaɗe mai filatinam, batir ya kan sa ta yi ja a farko, da inji ya tashi kuwa sai zafin ƙuna da tururin metanol su riƙe jan nata. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ya fito wa masu ƙananan injuna da irin wannan fulogi a 1947.

To, ina dalilin horon? Fistin na wannan inji ba shi da ringi. An yi shi da alminiyam, yana kai da kawowa cikin wani bututun tagulla da aka shafe cikinsa da kurom. Maƙeran sun tsuke bakin bututun ta sama da gangan, har in inji na sanyi ka juya shi da hannu sai ka ji fistin ya cije a can ƙoli. In ya yi zafi tagullar ta kan buɗe kaɗan, fistin ya wuce daidai, iska ba ta sulale ba. Wannan cizon shi ne ran injin. Horo kuwa shi ne a bar ƙarfen biyu su goge juna a hankali, su yi zafi su huce, su sake yin zafi su huce, har kowanne ya san zaman ɗan'uwansa. In aka tsananta masa tun yana sabo, sai cizon ya tafi, ƙarfi ya ragu, tashi ya yi wuya. In kuma aka bar shi yana ta ƙugi a wuri guda da sanyinsa, bututun bai buɗe ba, fistin ya yi ta gurzar kansa a banza.

Mu kuwa ba mu da inji biyu. Karo-karo muka yi zango biyu kafin kuɗin motar su cika, waɗansunmu har da rage na abinci. Galan guda na man ma sai da aka yi mako shida ana jiransa. In fistin da bututun suka lalace, sai an aika ƙasar waje. Ran da Malaminmu na kimiyya ya miƙo mini akwatin rediyon a gaban 'yan ƙungiya, abin da ya ce ke nan, “Ga amana. Ka karanta takardar kamfani sau biyu kafin ka taɓa kunama.” Na ce, “To, Malam, Allah Ya ba ni ikon riƙewa.”

Takardar ta ce horo tanki biyar ne. Na zaɓi filin taro na bayan ajujuwa, don ƙasarsa a daɓe ta ke, ba ciyawa mai kama taya. Na fara kunna akwatin rediyo, sa'an nan na motar, don kada ta tashi ba mai riƙe da linzaminta. A tanki na fari an cire mata gangar jiki don ta sha iska. Kunama rubu'i kaɗai a ke ja, a hankali, a ƙirga daƙiƙa 2, a saki, a tsaya, a sake. Haka har mai ya kusa ƙarewa. Daga nan a kashe ta, a jira minti 15. A lokacin jiran na kan juya injin da yatsa har fistin ya sauka can ƙasa, don kada bututu ya huce ya matse shi a ƙoli. Tanki na biyu rabin kunama ne, daƙiƙa 2, da wani hutun na minti 15.

A nan fa aka gwada ni. Labari ya riga ya zaga ɗakunan kwana cewa motar tana gudun mil 45 a awa, mutane sun cika fili, sai ga abu yana rarrafe kamar kunkuru, yana tari, yana tofar da mai ta salansa. Aka fara dariya. Wani da ya fi kowa zuba kuɗi cikin karo-karon ya matso ya ce, “Haba ɗan'uwa, wannan muka saya da kuɗin tuwonmu? Ba ta wuta mu gani, sau ɗaya tak!” Na ce, “Yi haƙuri, kuɗinka na ke tsarewa.” Ya miƙo hannu zai karɓi akwatin, na mai da shi bayana. Ya tafi yana cewa tsoro ne ya hana ni. Maganar ta yi mini zafi, gama abokina ne, tare mu ke cin abinci, kuma kwana biyu bai gaishe ni ba.

Abin da masu dariya ba su gane ba, tarin nan da hayaƙin nan su a ke nema. A jikin kafireta akwai allura biyu, babba ta gudu da ƙarama ta tashi. In ka murɗa allura dama ka rage mai, in ka murɗa hagu ka ƙara. Sabon inji da mai a wadace a ke horonsa, shi ya sa ya ke nauyin jiki, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na binsa. Ran da ka ga hayaƙin ya ɗauke, kukan ya yi tsini, ka tsaya nan take, yunwar mai ya ke ji, kuma zafi na tafe. Mun aro ma'aunin zafi daga ɗakin gwaji, muna auna kan injin a kai a kai. Tsakanin digiri 95 da 120 na Salshiyos lafiya lau ne, amma ba a yarda ya haura 130 ba. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗiga ruwa a kan injin. In ɗigon ya ɗan yi tsuwwa na 'yan daƙiƙu kafin ya bushe, da sauƙi. In ya ɓace nan da nan, zafi ya yi yawa.

Kashegari muka yi sauran ukun: rabin kunama na daƙiƙa 3, sa'an nan cikakkiya na daƙiƙa 3, sa'an nan cikakkiya na daƙiƙa 5. Tun a tanki na huɗu na ji muryarta ta sake, tarin ya ragu. Bayan na biyar na shiga rage mai da babbar allura, ba da yawa ba, gwargwadon tafiyar awa guda a fuskar agogo, in gwada, in ƙara. A murɗi na uku ta ɗaga ƙafafun gaba ta cilla, sai da na yi da gaske na juyo da ita kafin shingen lambu. Abokin nan nawa na tsaye can gefe. Na kai masa akwatin na ce shi zai fara tuƙi, tun da ya fi kowa zubi. Ya karɓa yana murmushi, magana ta wuce.

Ga gargaɗi ga magadanmu. Ƙura ita ce babbar abokiyar gābar wannan inji, balle in hunturu ya sauko mana da ita daga arewa. Kada a tashe shi ba soson tace iska, kuma a wanke soson a shafa masa mansa bayan kowace awa guda ta gudu. Na biyu, metanol yana jan ruwa daga iska, mu kuwa a nan damina doguwa ce. A toshe bakin galan sosai, a tsiyaye tanki bayan wasa, a ɗiga man kariya cikin injin don kada tsatsa ta kama shi. Na uku, man nan guba ne, kuma harshen wutarsa da kyar a ke ganinsa da rana, saboda haka a nisanta shi da yara da ashana.

Ba da daɗewa ba za a tura mu makarantu koyon koyarwa, a danƙa mana yaran da ba su taɓa riƙe alli ba, iyaye kuma na bakin taga suna so su ga gudu tun makon fari. Allah Ya ba mu haƙurin ƙirga daƙiƙa, amin.