Bashin Gudu, Jibi Ake Biya

A sahun sallah ake fara gane wanda ya soma gudu a makon nan. Liman ya yi kabbara, kowa ya miƙe daga sujada, shi kuwa sai ya dafa ƙasa da hannu bibbiyu, ya cije leɓe, ya taso a daddafe. Zaman tahiya ma sai ya karkace. In ka bi shi bayan an sallame, za ka ga yadda yake sauka daga 'yar matakalar masallaci a kaikaice, yana lallaɓa cinya. Tsugunno a bayi kuwa, a bar wa cikinsa.

Abin da ke ɗaure masa kai shi ne ranar da ya yi gudun garau ya wuni. Har kasuwa ya je, har da cika baki a majalisa. Kashegari ya ji ɗan nauyi, rana ta biyu ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Haka tsamin jiki yake: yakan tsananta ne tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan aikin da tsoka ba ta saba da shi ba, ya lafa kafin mako ya zagayo. A da ana ɗora laifin kan sinadarin laktik, amma shi cikin kamar awa guda jiki ke kawar da shi. Ƙananan raunuka ne a cikin zaren tsoka, da ɗan kumburin da ke biyo baya yayin da jiki ke gyara. Kuma gangara ta fi hawa jawo shi, domin a gangara cinya birki take takawa alhali tana miƙewa. Wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala ya san hawan ne ke sa haki, amma saukowar ce ke bin mutum har gida.

Ni dai a ganina, rabin wannan wahala idon jama'a ne ya jawo ta. Mutum ya fito bayan Asuba da wandon motsa jiki, ga mai shayi ya hura wuta, ga masu jiran Adaidaita Sahu. Wani ya ɗaga murya: "Malam, lafiya? Wa ya biyo ka?" Wani ya ce, "Soja za a shiga ne?" To wa zai yarda ya koma tafiya a gaban bencin mai shayi? Sai ya ƙara mai, ya wuce su a guje, yana shan kwana ya dafa gwiwa yana haki. (Mata kuwa nasu kallon ya ninka wannan, shi ya sa da yawa suka gwammace zagaya tsakar gida.)

Alhali tafiya a tsakiyar gudu ita ce hanyar koyo. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, tana da wani shiri na mako 9 da ke kai wanda bai taɓa gudu ba ga kilomita 5. Sau uku ake fita a mako, da ranar hutu a tsakani, kuma a makon farko sassarfar minti 1 ake yi, a yi tafiyar minti 1 da rabi, a maimaita. In ka gaya wa saurayi haka dariya zai yi maka. Amma ko manyan 'yan gudun Kenya da Habasha yawancin atisayensu cikin sauƙi suke yi. Ma'aunin ba wuya: in ba ka iya amsa gaisuwa har ka tambayi iyali kana cikin gudu, ka yi sauri da yawa.

Akwai wani tarko a gaba. Zuciya da huhu sun fi ƙashi da jijiya saurin sabawa, don haka bayan 'yan makonni haki zai ragu, mutum ya ga ai ya zama gwani, ya ninka nisa. Sai ƙwauri ya fara zugi, ko agara ta riƙe da safe. Ga kwalta, ga kambas ɗin gwanjo da dunduniyarsa ta cinye gefe guda tun a ƙafar mai shi na farko. A nan ya kamata a rarrabe. Tsami yakan kama ƙafa biyu, ya bazu cikin nama, ya sassauta in jiki ya ɗumama. Ciwon da za ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya, wanda ke ƙaruwa in kana gudu, ko ya zo da kumburi da ɗingishi, wannan na tsayawa ne a nemi likita. Fitsari kuma in ya koma launin baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani, asibiti ne ba jira.

Man zafi, gashi da ruwan ɗumi, tausa, duk suna sa a ji daɗi, ba laifi. Haɗin ƙwayoyin gajiya na kemis ne abin tsoro, musamman a zafin Maris da Afrilu: wasunsu na takura wa ciki da ƙoda in jiki ba ruwa. Gyaran gaske barci ne ke yin sa, da ruwa, da abinci mai gina jiki irin wake, ƙwai da nono, da 'yar tafiya a hankali ranar hutu. In aka daure aka maimaita gudun nan a mako na gaba, tsamin ba ya kai na farko, sai dai da yawa kafin nan sun jefa kambas ƙarƙashin gado.

Gajiyar da ta ƙi tafiya duk da hutu kuwa, wadda ke sa mutum haki a hawan bene ɗaya, kada a yi saurin ɗora wa gudu. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini sun isa su yi wannan aikin su kaɗai, kuma gwajinsu ɗigon jini ne kawai daga ɗan yatsa.