Kwana Biyar A Nairobi Muna Jiran Jirgi

Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro sun san wani abu wanda mu 'yan zamani muka fara mantawa. Sun san hanya tana da ranar da takan rufe. Ayari yakan iso bakin kogi ya tarar ruwa ya cika, sai madugu ya ce a sauke kaya. A nan za a yi zango, ko kwana uku ko bakwai, har ruwa ya janye. Ba wanda yakan tsaya zagin kogi. Mu kuwa yanzu muna ƙetare ƙasashe cikin awa biyar, saboda haka mun ɗauka ranar isa gida tana hannunmu.

Amma jirgin sama ma yana da nasa kogin, ɗaya daga ciki kuwa shi ne yajin aikin matuƙa. A watan Satumba na 2014 matuƙan babban kamfanin jiragen Faransa suka ajiye aiki har mako biyu. A watan Satumba na 2019 na Ingila suka yi kwana biyu, kusan dukan jiragen kamfanin suka kwana a ƙasa. Mu kuwa namu rabon ya same mu a Nairobi, babban birnin Kenya, a watan Nuwamba na 2022. Muna so mu ba ku labarin, gama wataƙila wata rana zai yi wa wani amfani.

Yadda hanya ta rufe

Mu shida ne daga Nijeriya, daga Jos da Kaduna da Gombe, muka je wani taron ma'aikatan ikilisiya na mako guda. A cikinmu akwai wani tsohon fasto mai ciwon sukari, da wata uwa shugabar zumuntar mata wadda za a ɗaura auren 'yarta a Gombe ran Asabar mai zuwa, da wani saurayi malamin makaranta. Tikitinmu na komowa Legas na ran Asabar ne, 5 ga wata. A safiyar ranar ce matuƙan kamfanin da zai ɗauke mu suka fara yajin aiki.

Filin jirgin sama na Jomo Kenyatta yana Embakasi, a kudu maso gabashin birni. An buɗe shi a 1958, daga baya aka sa masa sunan shugaban ƙasar na fari. Babbar mahaɗa ce, gama masu zuwa Turai da Indiya da kudancin Afirka da yawa a nan suke canja jirgi. Sa'ad da muka shiga, sai muka tarar da jama'a maƙil. Waɗansu suna zaune a kan akwatunansu, waɗansu sun shimfiɗa zane a ƙasa domin yara. Allon da yake nuna tashin jirage kuwa, layi bayan layi, an soke, an soke.

Matuƙan sun ce tun lokacin annobar korona a 2020 aka riƙe musu wani sashe na albashi, aka kuma daina zuba kuɗi cikin asusun da ake tara musu domin ranar barin aiki. Kamfanin kuwa ya ce bashi ya yi masa katutu, yajin aikin kuma bai bi doka ba. Mu ba alƙalai ba ne. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta yi kashedi mai zafi a kan riƙe hakkin ma'aikaci, amma kuma mun ga da idonmu wata mata tana kuka domin za a binne mahaifinta ba ta nan. Ba dubban fasinjoji kaɗai abin ya shafa ba. Kenya tana aika furanni da ɗanyen kayan lambu zuwa Turai ta jirgin sama, waɗannan kuwa ba su san jira ba.

Mai karatu zai ce, don me ba a kira waɗansu matuƙa ba? Ai matuƙin jirgi ba kamar direban mota ba ne da za a samo a tasha. Kowane matuƙi yana da takardar izini ta irin jirgin da aka horar da shi a kai, ba shi da ikon tuƙa wani iri sai ya sake horo. Doka kuma ta ƙayyade awoyin aikinsa da na hutunsa. Saboda haka idan suka ajiye aiki, ba mai maye gurbinsu cikin kwana ɗaya.

A bakin teburin tikiti

Muka shiga layi har awa huɗu. A gabanmu wani mutum ya yi ta buga tebur yana ɗaga murya a kan wata yarinya ma'aikaciya, alhali ba ita ta ajiye aiki ba, ba ita kuma ta riƙe albashin kowa ba. Da layi ya zo kanmu, sai Baba Fasto ya gaishe ta tukuna, ya ce, “Sannu 'yata, kin sha ruwa kuwa tun safe?” Ta ɗaga kai ta dube shi, idanunta suka kawo ruwa. Ba ta da jirgin da za ta ba mu, amma ta rubuta sunayenmu cikin masu jiran gurbi a jiragen waɗansu kamfanoni, ta kuma ba mu takardar shaida cewa an soke tafiyarmu. Ta bayyana mana cewa masu canjin jirgi, waɗanda ba su da izinin shiga gari, su ake fara nema wa masauki. Mu sai mu koma gari mu jira saƙo ta waya.

To, ina za mu koma? An rufe taro, guzurinmu kuwa na mako guda ne, ya kusa ƙarewa. Direban da ya kawo mu mai bi ne, bai tafi ba tukuna. Ya buga waya ga wani dattijon ikilisiyarsu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Amsar dattijon kalma ɗaya ce da Suwahili, “Karibuni,” watau maraba da ku. Kafin rana ta faɗi an raba mu gida uku, biyu biyu.

Garin ruwan sanyi

Nairobi ba tsohon gari ba ne kamar Kano ko Katsina. A 1899 masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa zuwa tafkin Biktoriya suka yi zango a wurin, zangon ya zama birni. Sunan daga bakin Masai ne, makiyayan ƙasar, ma'anarsa ruwan sanyi. Garin yana kan tudu wajen mita 1,700, watau ya fi Jos bisa, sanyinsa kuwa da dare ya fi na Jos a damina. Nuwamba lokacin ƙaramar daminarsu ce, kusan kowace yamma sai an yi yayyafi. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu. Abin mamaki kuma, akwai gandun namun daji a bakin birnin tun 1946, har mutum yakan hangi raƙumin dawa daga kan hanya, ga dogayen benaye a bayansa.

Abincinsu bai ba mu wuya ba. Ugali tuwon masara ne, sai dai ya fi namu tauri, ana cinsa da wani ganye da suke kira sukuma wiki. Shayi da madara kuwa ba a fasa shi, safe da yamma. Harshensu ma ya yi ta ba mu dariya, gama shi da Hausa sun sha daga rijiyar Larabci ɗaya. Labari su ce habari, duniya su ce dunia, sabulu su ce sabuni. Kalmar da muka fi ji kuwa ita ce “pole,” wadda take daidai da sannu tamu ta jaje.

Ran Lahadi muka yi sujada tare da masu masaukinmu a wata majami'ar Africa Inland Church. Ikilisiyar ta tsiro daga aikin mishan da aka fara a 1895, kusan sa'ar ikilisiyoyinmu na arewa ke nan. Ba mu ji wa'azin ba sai ta bakin tafinta, amma muryoyin waƙoƙi da yawa irin namu ne, muka bi su da Hausa a hankali. Bayan sujada aka tsai da mu a gaba aka yi mana addu'a. Wata likita cikin jama'a ta duba kwalin maganin Baba Fasto, wanda saura na kwana biyu, ta rubuta masa irinsa da sunan da ake sayar da shi a Kenya.

Ran Litinin dattijon ya ce zaman jiran waya ba ya kawo jirgi, ya ɗauke mu zuwa Karen, a gefen birni. A nan akwai makarantar tauhidi da aka buɗe a 1983, wadda yanzu ta zama jami'a. Wanda ya yi ta kira a kafa irinta ɗan ƙasarmu ne, Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi. A 1973 ya zama ɗan Afirka na fari da ya riƙe babban sakataren ƙungiyar ikilisiyoyin bishara ta Afirka, ofishinsa a Nairobi. A watan Disamba na 1975 ya rasu a teku kusa da Mombasa, yana da shekara 39, bai ga makarantar da idonsa ba. Mun yi mako guda a taro ba mu sami zuwa wurin ba. Jinkiri ne ya kai mu.

Kujera biyu, mutum shida

Da yammar Litinin saƙo ya zo. An sami gurbi biyu ta hanyar Adis Ababa ran Talata, sunayen da suka fito kuwa na Baba Fasto ne da na saurayin nan malami. Shi ma yana da tasa damuwa, gama hutun da aka ba shi ya ƙare, bai kuwa daɗe da samun aikin ba. Mama ba ta ce kome ba, amma dukanmu mun san lissafin da take yi. Daga Legas sai ta nemi hanyar Gombe, ga dangin ango suna tafe, ga kayan ɗaki ba a gama shiryawa ba.

Muka zauna a falon dattijon muka karanta Ayyukan Manzanni sura 28. Jirgin ruwan da ya ɗauki Bulus ya farfashe, mutum 276 suka tsira zuwa tsibirin Malita, mutanen wurin suka hura musu wuta saboda ruwa da sanyi. Bulus bai zauna yana ƙorafi ba, ya shiga ɗebo itace tare da kowa. Wata uku ya yi a wurin da bai yi shirin zuwa ba, marasa lafiya da yawa kuwa suka warke ta dalilinsa. Da muka gama addu'a, sai saurayin ya ce, “Mama, ki ɗauki kujerata. Aure rana ɗaya ne. Shugaban makarantarmu kuwa zan aika masa hoton takardar nan.” Mama ta ce, “Ɗana, Allah ya yi maka albarka.” Washegari da sassafe muka koma filin jirgi, aka yarda aka canja sunan.

A ranar Talatar nan kotun ma'aikata ta Kenya ta umarci matuƙan su koma aiki da ƙarfe 6 na safiyar Laraba, 9 ga wata, suka kuwa koma. Amma ƙarewar yajin aiki ba ita ce ƙarewar jira ba. Jirage da ma'aikata sun watsu ba inda ya kamata ba, ga fasinjojin kwana huɗu sun taru a kan na ranar. Mu huɗun da muka rage sai ran Alhamis muka tashi. Mama ta isa Gombe a kan kari, malamin kuma yana nan a kan aikinsa.

Abin da muke so ku riƙe

Ga mai shirin tafiya, ga kaɗan daga abin da muka koya. Ƙungiyar matuƙa takan ba da sanarwa kwanaki kafin ta ajiye aiki, saboda haka ka riƙa sauraron labarai kafin ranar tashinka. Magani da caja da tufafi na canji ɗaya su zauna cikin jakar hannu, maganin kuma ya zarce kwanakin tafiya da mako guda. Ka ware ɗan guzuri wanda ba za ka taɓa ba sai irin wannan rana. Idan an soke jirgi, ka nemi takardar shaida, ka roƙa a sa ka a jirgin wani kamfani, ka kuma adana kowane rasit. Kada ka yi saurin karɓar kuɗinka, gama tikitin gaggawa yakan fi naka tsada nesa. Ka duba ranar da bizarka za ta ƙare. Ka sanar da gida da wurin aiki da wuri. Wanda yake bayan tebur kuwa, ka tuna ɗan wani ne. Wasiƙar Yakubu sura 4 ta koya mana mu rataya kowane shiri a kan yardar Ubangiji, kada wannan ta zama maganar baki kawai.

Ga ku kuma da kuke gida, ba sai an je Nairobi ba. A tashar motar garinku ana kwana kowane dare, mota ta lalace, ko gada ta karye, ko an hana tafiyar dare. Ibraniyawa sura 13 ta tuna mana da karɓar baƙi. Gidajen nan uku da suka sauke mu ba na mawadata ba ne, a ɗaya ma yara ne suka bar mana gadonsu suka kwana a ƙasa. Ku zauna da iyalinku a wannan mako ku tambayi juna, idan fasto ya aiko da dare ya ce ga baƙi shida hanya ta rufe musu, mutum nawa gidanmu zai ɗauka?