Manet da Masu Tantancewa

Duk lokacin da aka taso da maganar hana wani fim ko kama mai zanen barkwanci, mutum ɗaya ke faɗo mini a rai: Édouard Manet, mai zanen Faransa da masana da yawa ke cewa daga kansa zanen zamani ya fara.

An haife shi a Paris a 1832. Mahaifinsa babban jami'i ne a ma'aikatar shari'a, ya so ɗansa ya zama lauya. Yaro ya ƙi. Sau biyu ya faɗi jarrabawar shiga sojan ruwa, sannan aka ƙyale shi ya koyi zane.

A lokacin, in kwamitin Salon, wato baje kolin zane na hukuma, bai karɓi aikinka ba, to kasuwarka ta mutu. Su sun fi son zanen tarihi da tatsuniyoyin Girkawa, a goge shi sumul. Manet kuwa mutanen da yake gani a titi yake zanawa: mashaya, mabarata, mawaƙa. A 1863 kwamitin ya watsar da ayyuka da yawa har da nasa, ƙorafi ya yi yawa, Sarki Napoleon III ya sa aka buɗe musu baje koli daban. Jama'a suka yi ta zuwa don su yi dariya.

Amma wanda ya fi tsaya mini shi ne zanen kisan Maximilian. Napoleon III ne ya ɗora mutumin a sarautar Meziko, daga baya ya janye sojojinsa ya bar shi, aka harbe shi a 1867. Manet ya zana harbin, ya sa wa masu bindigar kaki mai kama da na sojan Faransa. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. A 1869 hukuma ta hana buga hoton.

Ba ina cewa duk abin da ya zana ya dace da mu ba ne. Akwai tsiraici a wasu ayyukansa, kuma al'umma na da ikon kare tarbiyyarta. To amma wace tarbiyya zanen Maximilian ya ɓata? Fuskar mai mulki kawai aka kare.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san zaman kwamiti. Hanawa ta fi sauƙi, don ba a cika ba mutum takardar tuhuma saboda ya ce a'a ba. Shi ya sa kafin mu sa hannu ya kamata kowa ya tambayi kansa: jama'a nake karewa, ko oga?

Mulkin Napoleon III ya faɗi a 1870. Manet ya rasu a 1883 yana da shekara 51, zanen kuwa yana nan rataye a Mannheim ta Jamus, ana biyan kuɗi a kalla.

Allah Ya sa mu yi adalci a inda aka ba mu amana.