Kafin ka ɗora hannu a kan faifan mutane

Ɗana, na ji ka buɗe shago a Zugu, Allah ya sa albarka. An ce mini Linux Mint ka sa wa kwamfutocin saboda ƙwayoyin cutar da filash ɗin jama'a ke kwasowa. Ka yi dabara. Amma akwai ranar da za a miƙo maka faifai ka jona, na'ura ta ƙi buɗe shi, ko ta buɗe ta hana ka rubutu, ta ce maka « Permission non accordée », mai kaya kuma yana tsaye a kanka yana duba agogo. A wannan rana ce yara irinku ke rubuta sudo su afka wa kayan mutane.

Garin da kake zaune zango ne na fataken goro tsakanin Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja a ƙarni na 19. Falke ya iso, mai masauki ya ba shi ɗaki ya ajiye kayansa. Haka Linux ke yi wa baƙon faifai, ta ba shi ɗaki a ƙarƙashin /media da sunan wanda ya jona shi. Mai masauki na riƙe da makullin kowane ɗaki, kuma sudo shi ne wannan makulli, sai dai riƙe makulli bai taɓa halatta masa kwance kayan baƙo ba.

Fara da tambayar na'ura. Umarnin lsblk -f zai nuna maka tsarin faifan, ko NTFS ne, ko ext4, ko FAT32, ko exFAT, dmesg kuma zai gaya maka dalilin ƙin. Kowanne da cutarsa.

Mafi yawan abin da ake kawo mini nan Parakou na NTFS ne. Tun fitowar Windows 8 a 2012, idan mutum ya kashe kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai ta adana halin da take ciki don ta yi saurin tashi, faifan ya zauna da alamar ana kan aiki da shi. Haka ma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, ko aka fizge waya ba a sallami faifan ba. Linux ta ga alamar sai ta janye hannu, ta bar ka da karatu kaɗai. Direban ntfs3 da ya shigo a 2021 ma ƙin buɗewa yake yi sam. Gaskiyarta ce, domin rubutu a kan faifan da Windows ba ta gama da shi ba yana iya hargitsa fayilolin. Mai da shi Windows, a bi shi da chkdsk, a riƙe Shift wajen kashewa, ko a cire « Démarrage rapide » baki ɗaya. Za a ce maka ntfsfix ya isa. Ni ban yarda da shi a kan kayan da babu kwafinsu ba, don ƙananan gyare-gyare yake yi, bai kai chkdsk ba.

Na ga abin da gaggawa ke jawowa. Wata ɗalibar Jami'ar Parakou ta kai faifanta wani shago kusa da kasuwar Arzeke, kundin kammala karatunta na ciki. Faifai ya ƙi buɗuwa, yaron shagon ya danna fomatin, ya miƙa mata yana murmushi wai ya gyaru. Da aka kawo mini mun ceto wasu babuka da PhotoRec, sunayen fayilolin duk sun ɓace, sauran kuwa sai da ta sake bugawa daga takardun da malaminta ya yi wa jan biro. Kuma duk abin da faifan ke bukata tun farko a jona shi a Windows ne.

Na ext4 daban yake. Linux ba ta san sunanka ba, lamba ta sani. Wanda aka fara yi wa rajista a na'ura shi ne 1000, na biyu 1001. Faifan da aka cika a matsayin 1000, idan yaronka mai 1001 ya jona, baƙo ne a wurinsa. Maganin chown ne, a kan jakar faifan kaɗai, bayan ka karanta hanyar sau biyu. Kar in ji ka rubuta chmod -R 777. Hannu ya kuskure ya faɗa kan tushen na'ura, sudo kansa zai daina aiki, sai sabon zubi. FAT32 da exFAT kuwa ba sa ajiye sunan mai kaya ko kaɗan, chmod ba ya yi musu komai. Idan ka hau da su da sudo mount sun zama na root, sauke su ka danna daga tagar fayiloli su dawo hannunka. Bidiyon biki da ya ƙi shiga filash ma ba maganar izini ba ce, FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce giga 4.

Idan za ka rubuta faifan shago a /etc/fstab, sa lambar UUID, don sdb na yau gobe yana iya zama sdc. Ƙara nofail, in ba haka ba ranar da ka cire faifan na'ura za ta tsaya a baƙin allo, masu jiran buga takardu sun yi layi.

Akwai kuma faifan da ke ƙara ƙas-ƙas, ko dmesg na ta jero kurakuran karatu. Gwada wata waya da wata kafa ta bayan na'ura, don ƙurar hunturu na toshe su. Idan bai canza ba, kashe shi nan take, kowane jonawa rage masa kwana yake yi. Faɗa wa mai shi gaskiya kafin ka karɓi ko dala. In kana da faifai babba, ɗauki hotonsa da ddrescue ka yi aiki a kan hoton. In babu, naɗe shi da tsumma mai kauri, sa a kwali, ba direban motar Parakou ya kawo mini. Kimanin kilomita 135 ne, ka roƙe shi ya ajiye a gaba kusa da shi, kar ya shiga but da buhunan doya.