KUFAN MASU NEMAN ZINARIYA A DUWATSUN AMURKA

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani gari da na gani da idona, ko ya zama abin lura gare mu duka.

Ni akawu ne. Allah ya nufe ni da tafiya ƙasar Amurka a kan wani aikin ofishinmu. Da muka sami hutu, sai wani abokin aikina ya ɗauke ni a mota zuwa gabashin duwatsun Siyera Nebada a ƙasar Kalifoniya. Muka bar babbar hanya muka yi ta hawa wajen mil 13, mil 3 na ƙarshe babu kwalta, sai ƙura da tsakuwa. Can muka tsinkayi gidajen katako jere cikin wani kwari, ba hayaƙi, ba kukan zakara. Sunan garin Bodi. Tsayin wurin ya fi ƙafa 8,000 bisa teku, babu itace ko na inuwa, sai gajerun ciyayi da iska mai sanyi.

Asalinsa kuwa, cikin shekarar 1859 wani mai neman ma'adini, W. S. Bodey, ya sami zinariya a nan. Bai ci moriyarta ba, gama hadarin ƙanƙara ya rutsa da shi a hanya cikin sanyin shekarar nan, ya mutu. Aka sa wa wurin sunansa. Aka yi ta ɗan tono ba wani abin kirki, har sa'ad da wani rami ya rufta, jijiyar zinariya mai kauri ta bayyana. Nan da nan labari ya bazu, mutane suka yi ta ɗunguma. Zuwa 1880 an ce gidaje sun kai 2,000, mutane kuwa waɗansu sun ƙiyasta su har 10,000. Akwai banki, da jaridu, da unguwar Sinawa, da gidajen giya wajen 65 a kan titi guda, har garin ya yi ƙaurin suna saboda caca da kisan kai.

Abin lura shi ne, garin nan ba ya noma abin da zai ci, ba shi da itacen da zai ƙona. Hatsi da katako duk daga nesa ake kawo su. Har a 1881 sai da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta mil 32 don jawo itace kaɗai. Saboda haka da zinariya ta fara ja da baya, kuma aka ji labarin sababbin wurare a Montana da Arizona, ba abin da zai riƙe mutum. Kowa ya ɗaure kayansa. Gobara ta ci garin a 1892. A ƙidayar 1910 mutane ba su cika 700 ba. A 1932 wata gobara ta cinye mafi yawan abin da ya rage, an ce wani ƙaramin yaro ne ya tashe ta da ashana. Sa'an nan a 1942 gwamnatin Amurka ta hana haƙar zinariya saboda yaƙi, don ma'aikata su koma ga ƙarafan da yaƙi ke bukata. Shi ke nan, gari ya zama kufai.

A 1962 hukumar Kalifoniya ta karɓi wurin. Dokarta ita ce, ba a sabunta kome, sai dai a tokare bango a gyara rufi don kada su faɗi. Na leƙa ta tagar makaranta, na ga bencina da allo da littattafai, ƙura ta lulluɓe su. Na ga kanti da gwangwanaye a kan katako, da majami'ar da aka gina a 1882 tana tsaye ba mai shiga. Na daɗe a bakin wani ofis ina duban teburin rubutu, ina tunanin akawun da ya zauna nan yana lissafin albashin mutane, yana tsammani aikinsa ba shi da ƙarshe. An gaya mini waɗansu baƙi sukan saci ƙusa ko kwalba, daga baya su komo da ita ta gidan waya da takardar neman gafara, wai tsiya ta bi su.

To, jama'a, abin da ya sa na rubuto ke nan. Cikin 1942 ɗin nan da aka rufe ramukan Bodi, a ƙasarmu aka shiga ɗiban mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos saboda wannan yaƙi, kakana yana cikinsu. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, me aka bar wa mutanen Bukuru da Barikin Ladi? Tafkuna masu zurfi a inda dā gonaki suke. Ga kuma samarinmu suna barin garma suna tafiya ramukan zinariya, ko da yake a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara.

Ban ce a bar arzikin da Allah ya binne a ƙasa ba. Amma ina roƙon hukuma da sarakunanmu, duk inda aka buɗe rami, a tanadi wani kashi na ribarsa don rijiya da makaranta da gona, a kuma tilasta wa mai haƙa ya cike raminsa kafin ya tashi. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Allah ya kiyashe mu, ya ja zamaninka. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Bukuru.