Curin da Na Ƙona a Tanderu

Abin da Farfesa ta miƙo mini bai kai girman dankalin Turawa ba. Baƙi ne, jikinsa gurje-gurje, idan ka murza sai ya bar maka baƙin gari a yatsa. Daga ƙasan tsakiyar Tekun Indiya aka ɗebo shi, a zurfin da ya kai kimanin mita 5,000. Ina ɗalibi a wata jami'a a Indiya a lokacin, kuma aikina shi ne in daka rabinsa, in busar da garin a zafin digiri 110, in auna yadda yake hanzarta wargajewar haidurojin feroksaid, ruwan nan da ake wanke ciwo da shi.

Tun tafiyar jirgin binciken Ingila mai suna Challenger, daga 1872 zuwa 1876, masana suka san da waɗannan cure-curen manganis. Milimita kaɗan suke ƙaruwa a cikin shekara miliyan, ƙarfe yana taruwa a hankali a jikin haƙorin kifi ko ɓarɓashin dutse. Na san wannan, na ma rubuta shi a jarrabawa. Amma ranar ina sauri, tandar busarwa cike take da kayan wasu, babban tanderu kuwa babu kowa. Na ce a raina ai wuta wuta ce, ruwa kawai za ta kora. Na sa garin a babban tanderun, na kai shi digiri 600, na tafi cin abinci.

Washegari na zuba garin a cikin feroksaid. Ɗanyen garin da na gwada a makon baya tafasa ya yi nan take, kumfa har bakin kwalba. Wannan kuwa sai ƙananan ƙwayoyin iska ke tasowa a kasalance. Gabana ya faɗi.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne kwana biyun da suka biyo baya. Na yi shiru. Na ce wa abokan aikina wataƙila feroksaid ɗin ne ya kwana biyu ya lafa, har wata ɗaliba ta ɓata yininta tana sake auna ƙarfinsa. Alhali na san inda gizo ke saƙar.

A rana ta uku na shiga ofishin Farfesa na ce, "Ni ne na sa shi a tanderu, digiri 600." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki takarda ta zana mini layuka a jere. Ma'adinin curin, in ji ta, shimfiɗa-shimfiɗa ne, ruwa na zaune a tsakani yana tokare su. Ko a zafin digiri 100 da 'yan kai, tazarar da ke tsakanin wasu shimfiɗun tana raguwa daga angistorom 10 zuwa 7. Cikinsa kuma kamar soso yake, giram ɗaya na iya ɗauke da fili sama da murabba'in mita 100, kuma a kan wannan filin ne aikin ke gudana. Idan zafi ya wuce digiri 500, ramukan sai su manne, manganis ɗin ya saki wani ɓangare na iskar oksijin da ke jikinsa, ya rikiɗe zuwa wani ma'adini daban, Mn2O3. Da muka haska garin da na'urar eksire, alamarsa ce ta fito.

Daga nan na koyi in ware ɗan kaɗan in gwada kafin in taɓa sauran, in kuma rubuta zafin gaskiya a littafin aiki tun kafin in rufe ƙofar tanderu. Na je na ba wa ɗalibar nan haƙuri. Garin da ya ƙone ba mu zubar ba. Farfesa ta sa na zuba shi a kwalba, na rubuta 600 a jiki, muka jera shi da waɗanda aka gasa a 200 da 400 don kwatantawa.